Kaɗo a Gidan Su Sambo

A Kafanchan, in aka ce 'yar Alhaji Jibir mai atamfa, ba a buƙatar ƙarin bayani. Mufida ake nufi. Kakanta ya zo garin tun jirgin ƙasa yana sauke fasinja kamar fara, ya kafa rumfa a bakin kasuwa, rumfar ta zama shago, shagon ya hayayyafa. Wannan tarihin Mufida take ɗauke da shi a kan hancinta duk inda za ta. A Kaduna ta yi sakandare, ta dawo da Turanci mai santsi da wata ɗabi'a ta fara kallon mutum daga takalmi kafin ta iso fuska. Da gurbin jami'a ya gagara, aka sa ta a kwalejin horar da malamai da ke wajen gari, ta ɗauki abin kamar hukuncin da aka yanke mata ba tare da laifi ba. A wurinta malamai 'yan ƙauye ne, ɗalibai 'yan ƙauye, har shinkafar da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta 'yar ƙauye ce. Wanda duk ya yi mata maganar da ba ta kwanta mata ba, sai ta karkaɗa yatsu kamar mai korar ƙuda, ta ce, "Abeg!" ta rufe da tsaki.

Wata safiya da damina motar gidansu ta ƙi tashi, dole ta shiga bas ɗin 'yan makaranta. Wuri ɗaya ya rage, kusa da wani dogon saurayi siriri mai takalmin roba da lema a tsakanin gwiwoyi. Ta san shi da gani. Sambo ne, Bafulatani daga wajen Gwantu, ɗan sashen noma. Ta zauna a ɗofane, ta buɗe jaka ta ciro turare, ta fesa a jikinta, ta kuma fesa a iskar da ke tsakaninsu yadda kowa zai gane. 'Yan matan baya suka ƙyalƙyale. Sambo bai ko waiwayo ba. Ya miƙa hannu a hankali ya zuge gilashin taga, feshin ruwa ya shigo ya sauka a kan mayafinta.

"Malam, ba ka ga ana ruwa ba ne?"

"Na gani," ya ce. "Ruwan ya fi sauƙi."

Tun da aka haife ta ba a taɓa yi mata haka ba. Ranar ba ta ji abin da aka koyar a aji ba, tana ta haɗa amsoshin da ya kamata ta ba shi. Washegari an gyara mota, amma ta ce da direba ya huta, ta sake shiga bas da amsarta a baki.

Haka aka fara. Ita ta jefa, shi ya kauce ya bar ta da nauyin hannunta. Ta tambaye shi ko a rugarsu ba a san wani takalmi ba sai na roba, ya ce yana da na fata, taɓon Kafanchan ne bai cancanta ba. Ta ce bakinsa kamar an ɗinke, ya ce ai ita tana yi musu su biyu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ɗan murmushin nan da yake yi da gefen baki, irin na babba da ya ga yaro ya sa takalmin ubansa. Samarin kwalejin in ta watsa musu kallo ƙasa suke dubawa. Wannan kuwa, da takalmin robarsa, shi yake kallon ta daga sama.

Lucia, ƙawarta ta aji, 'yar wajen Gwantu ce ita ma, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. Ita ta fara faɗa.

"Mufida, kai kana son wannan yaro."

"Abeg! Ni? Ki fara gyara Hausarki tukuna."

"Hausana ya lalace, amma idona yana nan lafiya," in ji Lucia.

Kafin a gama zangon karatu, kowa ya san inda ake samun Mufida bayan la'asar: ƙarƙashin mangwaron da ke bayan gonar gwaji, inda Sambo yake duba kunyoyin citta da aka ba 'yan ajinsu. Tana shimfiɗa kwali ta zauna don kada ƙasa ta taɓa ta, tana kushe masa aiki, yana yi mata shiru. Suna ɓatawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta toshe lambarsa da safe, ta buɗe da azahar don ta ga ko ya kira, ta tarar bai kira ba, ta je har gona ta zazzage masa. Wani lokaci ya bar ta ta gama, ya miƙo mata gwaiba. Ta ce ba ta cin abin da ba a wanke ba, sannan ta cinye.

A ƙarƙashin mangwaron nan ta faɗa masa abin da ko Hajiyarta ba ta sani ba. Ba ta son koyarwa. So take ta karanta labarai a gidan rediyo, kuma Alhaji ya sha faɗa cewa 'yarsa ba za ta zama abin sauraren 'yan tasha ba. Sambo ya ajiye fartanya ya ce ta karanta ya ji. Ta yi gardama, sannan ta miƙe, ta riƙe biro a bakinta kamar makirfo, ta gyara murya: "Masu sauraronmu, barkanku da war haka. Ga kanun labaran." Ta ƙago labarin ambaliya da na tashin farashin citta a Kachia, ta karanta har ƙarshe. Da ta gama bai yi murmushin nan nasa ba. Ya ce, "Da na ji wannan muryar a rediyo, ba zan murɗa ba." Ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Sai ga bikin zagayowar ranar haihuwar Sadiya, 'yar ajinsu da ta fi kowa son a san da ita. An kama zauren wani otal a cikin gari, daga la'asar zuwa magariba. Mufida ta yanke cewa ranar za ta fito da Sambo a gaban mutanenta, amma ba a yadda yake ba. Ta saya masa riga mai kwala da wandon jins da takalmi mai igiya, ta aika masa a leda. Ya zo sanye da farar shaddarsa ta Juma'a, ya miƙa mata ledar a bakin ƙofa, ya ce wandon ya yi masa kama da na ƙaninsa.

Jason, saurayin Sadiya, shi ke riƙe da makirfo. Irin samarin nan ne da ba su da abin dariya sai mutum. Yana hango Sambo ya ce a tafa wa babban baƙo, ya karya harshe yana kwaikwayon Hausar Fulani. "Aradu, ka bar nagge da wa? Ko tana waje tana jiran kek?" Zaure ya ɗauka da dariya. Idanu suka juyo kan Mufida, ana jira a ga ɓangaren da za ta tsaya. Ta dubi Sadiya, ta dubi 'yan matan da suka saba jin ta tana yanka mutane, sai ta yi dariya ita ma. Ba ta tsaya nan ba. Ta karɓi makirfo ta ba da labarin ranar da ta fara saya masa shawarma, yadda ya warware ta a kan faranti yana bincike kamar mai neman allura a cikin dusa. Aka yi ta buga tebur.

Sambo ya ƙarasa lemonsa bai bar ko ɗigo ba. Ya tashi ya je ya yi wa Sadiya fatan shekaru masu albarka, ya ba Jason hannu, ya fita. Bai dubi inda Mufida take ba.

Aka yi hutu bai kira ba. Ta gaya wa kanta ta huta da ƙauyanci. Ta gaya wa Lucia haka a waya har Lucia ta gaji ta ce, "To in ka huta, ka bar ni ni ma in huta mana." A bakin Lucia ɗin ta ji cewa matar yayan Sambo ta haihu, ana suna ran Lahadi. Nan take dabara ta zo mata. Za ta je. Za ta sauka a rugar nan da atamfa 'yar Holan daga shagon Alhaji da kayan jarirai 'yan kanti, su ga irin macen da ɗansu ya samu, shi kuma kunya ta kama shi ya ba ta haƙuri. Ta gaya wa Hajiya sunan 'yar uwar wata ƙawarta za ta, ta ɗauki Lucia bayan an taso daga coci, suka shiga motar Gwantu, daga bakin titi suka hau acaɓa.

Bukkokin ciyawa ta zata. Ta tarar da gida na siminti da kwano, da faifan sola a kan rufi, masara ta kewaye shi ta ko'ina, maza suna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin ɗorawa. Wannan ma ya ba ta haushi, kamar an yi mata ƙarya. Can ta hango Sambo a cikinsu, sai ta tsaya cak. Magana yake yi da Fulatanci, da hannu da ƙafa, yana kwaikwayon wani abu, dattawa suna riƙe ciki. Mutumin da take roƙo ya haɗa mata jimla biyu a jere, ashe shi ne mai ba da dariyar gidansu. Da ya gan ta, dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya taso ya gaishe su kamar baƙin da suka ɓata hanya, ya kira ƙanwarsa Adama ta shigar da su wurin mata.

Adama budurwa ce mai fara'a. Ta rungume ledar kayan, ta kama hannun Mufida tana duban ta kamar ta daɗe da sanin ta.

"Ke ce Mufidar Hamma Sambo!" ta ce. Sai ta karkaɗa yatsu kamar mai korar ƙuda, ta ɗaga hanci. "Abeg!" Ta bi da tsaki.

Matan tsakar gida suka fashe da dariya. Ba kuskure ko kaɗan, har yadda take karya wuya. Mufida ta yi yaƙe, ta ce a ranta wasan yara ne.

Aka shimfiɗa musu tabarma kusa da wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo, yayar mahaifin Sambo. Mufida ta gaishe ta da murya a sake, tana kallon ta ido cikin ido, ta buɗe atamfar da kanta tana bayanin cewa irin wannan ba a samun ta a kasuwar ƙauye. Tsohuwar ta taɓa bakin zanen da yatsa ɗaya, ta ture shi gefe, ta ce an gode. Aka kawo shinkafa da naman rago. Tafiya ta sa Mufida yunwa, ta ja kwano ta fara ci. Sai da ta kai loma ta uku ta lura babu wata budurwa a wurin da ke ci a gaban Goggo. Tsohuwar ta yi wata 'yar magana da Fulatanci ba tare da ta ɗaga kai ba, matan suka rufe baki da gefen mayafi.

Lucia ta tashi cikin maƙwabta Fulani, tana jin yaren sama-sama. Mufida ta zungure ta.

"Me ta ce?"

"Bar shi kawai."

"Ki faɗa min."

Lucia ta sunkuyar da kai. "Tsohuwa ya ce a ƙyale ka ka ci. Wai ba laifinka ba ne, haka kaɗo yake, ba a haife shi da kunya ba."

Kaɗo, sunan da Fulani ke kiran wanda ba nasu ba. Ita, jikar mutumin da ya kafa layin 'yan atamfa, a nan sunanta kaɗo, kuma ba da zafi aka faɗa ba. Da tausayi aka faɗa, yadda ake yi wa akuya uzuri in ta shiga ɗaki.

Adama ba ta lura da komai ba. Ta dawo da 'yan mata a bayanta, ta durƙusa tana roƙo. "Adda Mufida, don Allah ki yi mana labarai. Hamma yana yi mana, amma ya ce naki ya fi." Kafin Mufida ta buɗe baki, yarinyar ta ɗauki ludayi ta kai bakinta, ta miƙe ƙirji, ta siranta murya. "Masu sauraronmu, barkanku da war haka. Ga kanun labaran!" Har mai jego a cikin ɗaki sai da aka jiyo dariyarta. Goggo ma kafaɗunta suna rawa.

Mufida ta ajiye kwano, ta goge hannu da hankici, ta tashi ta fita ba sallama.

A bakin gonar masara Sambo ya cim mata. Ta juyo, kuma abin mamaki muryarta ba ta ɗaga ba.

"Ashe biri kake da shi a makaranta. Ka je ka kallo, ka dawo gida ka yi musu wasansa."

"Ba da mugunta suke yi ba. Suna son labarinki."

"Yadda ake son labarin mahaukacin kasuwa."

Ya gyara tsayuwa, fuskar nan ta makaranta ta dawo. "Ke a otal kika yi, da makirfo, a gaban mutanen da ban sani ba. Ni a tsakar gidanmu na yi."

"Ni shawarma na ba su," ta ce. "Shawarma, Sambo. Kai abin da ka ba su, ko uwar da ta haife ni ban faɗa wa ba. Tun yaushe?"

Ya dubi masara.

Ta ce, "Tun kafin bikin Sadiya, ko ba haka ba? Yarinyar nan ba jiya ta koya ba."

Duk hutun nan da ta kwana tana juyi tana ganin ita ce mai laifi, har ta ɗauko atamfa ta hau acaɓa ta biyo shi, ashe shi ya riga ta. Bambancin kawai shi ba ya buƙatar makirfo.

"Mahaifinka ya san da ni?" ta tambaya. "Ba labarin dariya ba. Ni."

"Alhaji ya san da ni?" in ji shi.

Alhaji bai sani ba, kuma ba ta taɓa niyyar ya sani ba. Sambo ya ga haka, gefen bakinsa ya motsa. Da ta ga murmushin nan a wannan lokacin, wani abu ya huce a cikinta gaba ɗaya. Ta dube shi yadda take duban kowa, daga ƙafa zuwa sama. Yau takalmin fata ne a ƙafarsa, mai kyau kuwa.

"Ni in na raina mutum yana ji da kunnensa," ta ce. "Kai sai ka gaishe shi, ka ba shi hannu, ka koma gida ka yanka shi. Wannan kuke kira kunya? Ku riƙe abinku."

Lucia ta fito da jakunkunansu, ta ce Yesu ya kyauta. Suka taka har bakin titi a ƙafa, takalmin Mufida mai tsini yana nutsewa a laka, ba ta yarda an tsaya ba.

Da aka koma makaranta sun sake gwadawa, don irin wannan wutar ba ta mutuwa da guga ɗaya. Ya zo ya tsaya a ƙofar ajinsu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya yi kuskure. Ta bi shi ƙarƙashin mangwaro. Amma ta kasa sakin baki. Duk maganar da ta zo mata sai ta ji yadda za ta fito a bakin Adama. Shi ma in wayarta ta yi ƙara ya ga sunan Sadiya, sai ya tattara kayan aikinsa. Faɗan ma ya daina daɗi. Kafin jarrabawar ƙarshe sun koma gaisuwa, daga nan gaisuwar ma ta ɗauke. Ta gaya wa ƙawayenta ita ta sallame shi, ta gaji da warin nono. Suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Bayan ta gama karatu Alhaji ya gabatar mata da Umar Faruk, ɗan abokinsa mai sayar da kayan gini a Sabon Tasha. Yaro ne mai hankali, kowa ya shaida. Yana zuwa zance duk Asabar da mota a wanke, ya zauna a falon baƙi yana murza makulli. In ta ce Kafanchan ƙauye ce, ya ce wallahi gaskiya ne. In ta ce babu garin da ya kai Kafanchan, ya ce shi ma haka yake faɗa kullum.

Wata Asabar ta fito ta same shi da sabuwar hula, ya kafa ta a gaban goshi yana jiran yabo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare mata kallo.

"Wannan hular fa? Kamar an kife tukunya a kan turmi."

Ta jira ta ji ko zai rama.

Umar Faruk ya yi sauri ya cire hular, ya cusa ta a aljihu, ya shafa kai.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ni ma da ma ba ta yi min ba. Wace iri kike so in saya?"

Mufida ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta zauna a kujerar da ta fi nisa da shi, ta ɗauki wayarta, ta ce ya sayi duk wadda ya ga dama. An sa ranar aurensu bayan babbar salla.